Tarihin Admiral Hamilton, sojan ruwan da ya jawo igwa har Garwa

A filinmu na tarihi na wannan mako mun ɗauko rayuwar wani Baturen Ingila da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa iyakar da 'yan kasuwarmu na Mayo-Oulo ke tsallakawa zuwa Mubi, suna canjin sefa da naira, akwai hannunsa a cikin kafuwarta. Sunansa Louis Keppel Hamilton.

An haife shi ranar 31 ga Disamba, 1890, a gidan da aikin sojan ruwa gado ne. Kakansa na wajen uwa, Henry Keppel, Admiral ne, haka ma mahaifinsa Frederick Hamilton, wanda daga 1914 zuwa 1916 shi ne mai kula da sha'anin ma'aikata na dukkan rundunar ruwan Ingila. Wannan muƙami ba ƙarami ba ne, domin a zamanin manyan jiragen yaƙi masu sulke Ingila tana da jirage fiye da mutanen da za ta iya biya albashi a lokacin zaman lafiya. Dabarar da ta yi ita ce ajiye sojojin ko-ta-kwana. Tun 1859 take rubuta matuƙan jiragen fatake, daga baya har da masunta, ana ba su horo na 'yan makonni da ɗan alawus su koma sana'arsu. Akwai kuma tsofaffin sojoji da suka gama wa'adi, sannan a 1903 aka ƙara da 'yan sa-kai, irin su akawu da lauyoyi. Admiral guda ne ke shugabantarsu tare da masu gadin gaɓar teku. Da yaƙi ya ɓarke sai aka zuba da yawansu a tsofaffin jirage, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu: ranar 22 ga Satumba, 1914, jirgin Jamus guda mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da uku daga cikin jiragen nan, mutum fiye da 1,400 suka halaka.

Shi Hamilton cikakken soja ne, ba na ko-ta-kwana ba. Yaƙin ya same shi yana laftana a jirgin Cumberland, wanda aka tura gaɓar Kamaru lokacin ƙasar tana hannun Jamus. Duwala ta faɗi ranar 27 ga Satumba, 1914. To amma babban jirgi ba ya shiga rafi, saboda haka aikin ya koma kan ƙananan jiragen Ma'aikatar Ruwa ta Nijeriya, wato Marin, wadda yawancin hafsoshinta Turawa 'yan ko-ta-kwana ne, matuƙa da masu zuba gawayi kuwa baƙar fata. Da ayarin ƙananan jiragen rafi Hamilton ya kori Jamusawa daga Dehane a ƙarshen Disambar shekarar.

A nan arewa kuwa al'amari ya cije. A ƙarshen Agustan 1914 sojojin Ingila sun taso daga Yola suka auka wa Garwa, Jamusawa suka fatattake su, har kwamandansu Kanar Maclear ya rasa ransa. Daga nan Kyaftin von Crailsheim ya ƙara ƙarfafa ganuwoyi da ramuka, ta yadda ƙananan bindigogi ba sa yi musu komai. Sai aka ga ba makawa a kawo igwar jirgin ruwa, mai jefa harsashi na kilo biyar da ɗoriya, aka ɗora wa Hamilton nauyin kai ta.

Duk wanda ya san Binuwai ya san cewa jirgi mai nauyi ba ya isa Garwa sai damina ta yi nisa, shi kuwa da rani ya yi tafiyar. Ya hau kogin Kwara mil 160, ya bi Binuwai mil 480, wato fiye da kilomita dubu a ruwa, sauran mil 60 kuma aka ja igwar ta tudu. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne, takardar yabon da aka ba shi ta lissafa milolin nan dalla-dalla, amma masu kwalekwale da 'yan dakon da suka yi jan, sunan ko ɗaya bai fito ba.

Kanar Cunliffe na Ingila da Kanar Brisset na Faransa, wanda shi ma ya zo da tasa igwar, suka kewaye garin. Daga 31 ga Mayu, 1915 aka fara ruwan wuta. Sojojin Jamus baƙar fata, da suka ga harsashi na fasa maɓoyarsu, suka ƙi bin umarni, wasu suka faɗa Binuwai don tsira, da dama ruwa ya ci su. Ranar 10 ga Yuni Garwa ta miƙa wuya. Kafin watan ya ƙare Ngaundare ta bi sahu, sai dutsen Mora kaɗai ya daure har Fabrairun 1916. Daga nan Ingila da Faransa suka raba ƙasar: Garwa, Gidar da Mayo-Oulo suka faɗa rabon Faransa, Mubi ta faɗa na Ingila, kuma ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta bar ta a Nijeriya. Hamilton ya samu lambar yabo ta DSO yana ɗan shekara 24.

A yaƙin duniya na biyu ya sake samun lambar a gaɓar Norway a 1940. Sai dai a Yulin 1942 ya gamu da abin da ya bi sunansa har kabari. Yana jagorantar jiragen yaƙi masu rakiyar ayarin jiragen kaya zuwa Rasha, sai umarni ya zo daga London ranar 4 ga wata cewa ya janye, ayarin kuma ya watse, don tsoron babban jirgin Jamus Tirpitz. Ya bi umarni. Tirpitz bai iso wurin ba, amma jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suka nutsar da jiragen kaya 24 cikin 35. Daga cikin waɗanda suka fita kunya a ranakun nan akwai wani lauya ɗan sa-kai, Leo Gradwell, wanda da ɗan jirgin kamun kifi ya shige da jiragen kaya uku cikin ƙanƙara, ya sa aka shafe su da farin fenti, suka tsira.

Ba a ɗora wa Hamilton laifin ba. Ya riƙe rundunar ruwa a tsibirin Malta daga 1943 zuwa 1945, sannan ya shugabanci sojojin ruwan Ostireliya har 1948. Ya mutu a London ranar 27 ga Yuni, 1957, yana da shekara 66, shekara guda kafin a haɗe matuƙan ko-ta-kwana da 'yan sa-kai su zama runduna ɗaya.