Hajjin Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya Ƙara Masa Yarda

An haifi Shehunmu, Sidi Ahmadu Tijjani, a Aini Madi ta ƙasar Aljeriya a shekarar 1150 Hijiriyya (1737). Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 7.

Ya isa Makka a Shawwal 1187, ya zauna yana ibada har kwanakin aikin Hajji. A can ya sha daga Shehu Ahmadul Hindi, amma ta wasiƙa kawai, domin wannan waliyyi ba shi da izinin ganawa da kowa. Ya sanar da Shehunmu cewa zai rasu ranar 20 ga Zulhajji, haka kuwa aka yi. Bayan Hajji Shehu ya wuce Madina, ya sadu da Shehu Sammani.

A 1196, a Abi Samguna, Manzon Allah (S.A.W.) ya laƙƙana masa wuridi a farke, kuma istigfari 100 ne farkonsa, kafin salati. Ya 'yan'uwa, wannan tsari abin lura ne ga muridin da ke gaggauta istigfarin laziminsa, balle a goman farko na Zulhajji da yinin Arfa.

Shehu ya rasu a Fas a Shawwal 1230 (1815), kabarinsa yana cikin zawiyarsa.