Likita Dudgeon, Mai Duba Kaluluwa a kan Gilashi

Yau za mu ba masu karatu tarihin wani likita na Ingila wanda aikinsa ya rage wa marasa lafiya zaman jira, watau Leonard Dudgeon. An haife shi a London cikin 1876. Ya koyi aikin likita a asibitin St Thomas, a nan kuwa ya yi yawancin aikinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya bi sojan Ingila zuwa Salonika ta ƙasar Girka, yana binciken cututtukan da ke kama su. Cikin 1919 ya zama shaihun malami na ilmin cututtuka a Jami'ar London.

Abin da ya dame shi shi ne, in likita ya yanko ƙari ko kaluluwa, bisa hanyar da aka saba sai an daskarar da naman cikin kakin farafin, a yayyanka, a rina, kana a duba. Wannan yakan ci kwanaki. Ga majinyaci kuwa kwance, mai fiɗa yana son ya sani nan take: ciwon daji ne, a yanke da yawa, ko kumburi ne kawai, a bari?

Cikin 1927 shi da Likita Patrick suka bayyana wata dabara, bayan sun gwada ta sau 200. Sai a tsaga naman yana ɗanye, a kankaro fuskarsa, a shafa a gilashi, a rina, a sa a madubin likita. Cikin 'yan mintoci an ga siffar ƙwayoyin naman. Cikin 1935 kuma shi da Wrigley suka nuna ana iya ganin ƙwayoyin ciwon dajin huhu cikin kaki.

Ya rasu cikin 1938, dabarar ba ta bazu sosai ba tukuna. Amma na bayansa sun raya ta. Yanzu akan tsaga kaluluwa a danna ta a kan gilashi, kamar yadda akawu ke buga hatimi a takarda, abin da ya manne shi ake dubawa. Ta haka mai fiɗar ciwon dajin nono kan san ko cutar ta kai hammata tun bai ɗinke ba.

To, muna roƙon malamai su faɗakar da jama'a: kaluluwar da ta daɗe ba ta sace ba, a kai ta asibiti.