Nana Asma'u: 'Yar Shehu da aka aurar tana 'yar shekara 14

Masu bin diddigin asalin gidajensu sukan yi turus idan lissafi ya nuna musu cewa kakar kakarsu ta shiga ɗakin miji tana 'yar shekara 13 ko 14. A ƙasar Hausa, da wuya a samu macen da aka san tarihin irin wannan aure nata kamar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Degel a wajajen 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. A gidan nan ta fara karatu, domin Shehu ya sha sukar malaman da ke koyar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Ƙuruciya a bakin yaƙi

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Daga nan jama'ar Shehu ba su sake samun zama wuri guda ba. Bayan yaƙin Tabkin Kwatto da mummunar asarar da aka yi a Tsuntsuwa, sun sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara, ƙasar da Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta kafin a haifi Asma'u. A 1805 suka wuce Gwandu.

Cikin wannan hali na yunwa da gudun hijira aka ɗaura mata aure a 1807 da Usman Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. A lokacin ko Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba a ci ba, sai a 1808. Aurar da yarinya a waɗannan shekaru shi ne abin da aka saba a zamanin.

Abin da ya biyo bayan auren

Abin da ya bambanta labarinta da na dubban tsararrakinta shi ne aure bai raba ta da allo da tawada ba. Mijinta malami ne kuma marubuci, shi ne ya zama Wazirin Sakkwato bayan rasuwar Shehu a 1817. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilin, wanda ake ɗauka a matsayin littafinta na farko. Ta ci gaba da rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa har tsawon shekara 40, kuma kimanin ayyukanta 60 ne suka kawo yau.

Bayan rasuwar Bello a 1837, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wajenta domin ɗaukar karatu, su koma su koyar da waɗanda aure da reno suka tsare a gida. Wato ta san sarai cewa yawancin matan da aka aurar da wuri ba su samu gatan da ta samu ba, shi ya sa ta kai musu karatun har ɗaka.

Giɗaɗo ya rasu a 1851, ita kuma a 1864. Kabarinta yana Hubbare a Sakkwato, kusa da na mahaifinta.

Yadda aka san shekarunta

An iya lissafa shekarun aurenta ne saboda ta fito daga gidan da ake rubuta abubuwa da shekarar Hijira, kuma zuriyarta ta adana takardun. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji sarautar Waziri, sannan tattaɓa-kunnenta Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe wa Jean Boyd taskar gidan. Daga nan aka samu littafin tarihinta a 1989, da kundin ayyukanta da Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997.

Yawancin gidaje ba su da wannan gata. Babu takardar haihuwa, sai dai a ce an haifi wance shekarar zuwan Turawa, wato 1903, ko an aurar da ita lokacin yunwar Kakalaba ta 1914. Irin wannan lissafi yana iya kaucewa da shekara biyu ko uku, don haka mai bincike ya gwada shi da shekarun ɗan fari kafin ya yanke hukunci.

Yau Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta sanya shekara 18 a matsayin shekarun aure a matakin tarayya, kuma sunan Nana Asma'u yakan shigo cikin muhawarar da ake tafkawa a kai. Sai dai wanda ya kafa hujja da shekarun aurenta ya tsaya nan, ya ɗauko rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne uban da ya zaunar da ita gaban allo, da mijin da bai hana ta alƙalami ba, da kuma matan ƙauye da ta ƙarar da rayuwarta tana karantarwa.