Filippo Pacini (1812–1883): Masanin da Ya Fara Ganin Ƙwayar Kwalara

An haifi Filippo Pacini a garin Pistoia na ƙasar Italiya a shekarar 1812. Tun yana ɗalibin likitanci ya gano wasu ƙananan gaɓoɓi a ƙarƙashin fata masu jin matsi da girgiza, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Daga bisani ya zama malamin ilimin ƙirar jikin ɗan Adam a birnin Florence.

A shekarar 1854 annobar kwalara ta afka wa birnin. Pacini ya duba hanjin waɗanda cutar ta kashe da madubin likita, inda ya tarar da ɗimbin ƙwayoyi masu lanƙwasa a cikin majinar da ke lulluɓe bangon hanji, bangon kuwa ya saluɓe. A wannan shekarar ya wallafa bayaninsa, yana mai nuna cewa waɗannan ƙwayoyi su ne sanadin cutar. Sai dai likitocin zamaninsa sun riga sun ɗora alhakin annoba a kan gurɓatacciyar iska, don haka suka yi biris da aikinsa. Ya rasu a 1883 cikin talauci. Shekara guda bayan haka Bajamushe Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar a Kalkata ta Indiya, yabon ya koma gare shi.

Binciken baya-bayan nan ya fayyace abin da Pacini ya hango. Ƙwayar ba ta yin illa sai ta samu wurin maƙalewa. A jikinta akwai wasu siraran zare na furotin, masu suna TCP, waɗanda ke haɗa ƙwayoyin gungu-gungu a bangon hanji, kafin su saki dafin da ke tsiyayar da ruwan jiki. Wani furotin kuma, GbpA, na taimaka mata kama majinar hanji da kuma ɓawon ƙananan halittun ruwa.

Wannan ilimi ya shafi al'ummomin fadamar Haɗeja, ciki har da Baturiya, inda ambaliyar damina kan haɗa ruwan sha da ƙazanta, kuma Jigawa na cikin jihohin da annobar 2021 ta fi yi wa ɓarna.

Sai a 1965 masana suka mayar masa da haƙƙinsa, suka jingina sunan ƙwayar, Vibrio cholerae, gare shi, shekara 82 bayan rasuwarsa.