Thomas Edison: Shekara biyar yana neman cutar batir ɗaya

An haifi Thomas Alva Edison ranar 11 ga Fabrairu, 1847 a garin Milan na Jihar Ohio a Amurka. Duniya ta fi saninsa da ƙwan lantarki da garmaho, amma batir mai caji ya ci masa kusan shekara goma na rayuwarsa.

A ƙarshen ƙarni na 19, motocin lantarki suna amfani ne da batir na dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Batirin yana da nauyi ƙwarai, asid ɗin kuma yana cinye farantansa. Edison ya ƙudiri aniyar yin wanda ya fi shi ƙarko, ya zaɓi nikel da baƙin ƙarfe, ya maye gurbin asid da ruwan sinadarin fotash. A 1901 ya kafa kamfani domin wannan aiki.

Batirin ya shiga kasuwa da babbar shela, amma ba a jima ba koke-koke suka fara zuwa. Wasu baturan suna yoyo, wasu kuma ƙarfinsu yana raguwa bayan an yi ta cajinsu. A ƙarshen 1904 Edison ya dakatar da ƙera su, ya karɓi waɗanda suka lalace, ya ɗauki asarar.

Daga nan ya koma ɗakin bincikensa da ke West Orange a Jihar New Jersey, ya bi kowace matsala har tushenta. Yoyon ya samo asali ne daga mahaɗin gwangwanin, sai aka gyara haɗin da walda. Raguwar ƙarfin ce ta fi ba shi wuya. Sinadarin nikel ba ya gudanar da lantarki sosai, shi ya sa aka gauraya shi da garin girafait, abin da ake yin bakin fensir da shi. Da tafiya ta yi nisa sai girafait ɗin ya daina haɗa lantarkin yadda ya kamata.

Bayan dubban gwaje-gwaje, Edison ya cire girafait, ya sa ɓarɓashin nikel mai sirantaka, aka jera shi hawa-hawa da sinadarin a cikin bututun ƙarfe masu huji. Ya kuma ƙara sinadarin lithiyam a ruwan batirin.

Sabon batirin ya fito wajen 1909, amma lokaci ya riga ya juya. Henry Ford ya fitar da motar fetur mai araha, Model T, tun 1908, kasuwar motar lantarki ta soma dusashewa. Sai batirin ya sami gurbi a siginar jiragen ƙasa, fitilun masu haƙar ma'adinai da motocin ɗaukar kaya, inda ƙarko ya fi komai daraja, ya kuma zama ɗaya daga cikin kayan da suka fi kawo masa riba.

Edison ya mutu ranar 18 ga Oktoba, 1931 yana da shekara 84. An ci gaba da ƙera batirinsa a Amurka har 1975.