Bertha Benz: Matar da ta fara doguwar tafiya da mota a duniya

Da asubar wata rana a farkon watan Agustan 1888, wata mata mai shekara 39 ta tashi 'ya'yanta maza biyu daga barci a birnin Mannheim na ƙasar Jamus. Suka lallaɓa zuwa wurin aikin maigidan, suka turo wata mota mai taya uku waje, ba su tayar da injin ba sai da suka yi nisa da gida don kada ƙara ta farkar da shi.

Matar ita ce Bertha Benz, maigidan kuma Karl Benz, mutumin da ya ƙera motar. Kafin wannan rana ba a taɓa ɗaukar mota mai injin mai aka tafi wani gari mai nisa da ita ba.

'Yar masu hali da ta auri mai ƙira

An haifi Bertha Ringer ranar 3 ga Mayun 1849 a garin Pforzheim da ke yankin Baden. Mahaifinta kafinta ne mai rufin asiri, wanda ya samu dukiya a harkar gine-gine.

Saurayin da ta zaɓa, Karl Benz, injiniya ne mai basira amma ba shi da jari. Ya buɗe maƙerar ƙarafa a Mannheim tare da wani abokin hulɗa, amma tafiyar ba ta yi daɗi ba, har aikin ya kusa durƙushewa.

Tun kafin a ɗaura aure Bertha ta karɓi wani kaso na dukiyar da iyayenta suka ware mata ta aure, ta sayi hannun jarin abokin hulɗar, aikin ya koma hannun Karl shi kaɗai. Sun yi aure ranar 20 ga Yulin 1872, suka haifi 'ya'ya biyar, maza biyu da mata uku.

Shekarun farko na auren sun zo da ƙunci da bashi. Duk da haka Karl ya ci gaba da gwajin injuna, matarsa na tare da shi a wurin aikin, har ta san kan kayan da yake haɗawa.

Motar da babu mai saye

Ranar 29 ga Janairun 1886 Karl Benz ya shigar da takardar neman mallakar fasahar wani keke mai tafiya da injin mai, takardar da ke ɗauke da lamba 37435. Ita ake ɗauka a matsayin takardar haihuwar mota.

Sai dai ƙera abu daban, samun mai saye daban. Mutane sun saba da doki da keken doki da jirgin ƙasa. Abin da Karl ya ƙera kuwa yana da ƙara da hayaƙi, yana firgita dawakai, kuma ba a taɓa ganin ya wuce gajeren zagaye a kusa da Mannheim ba.

Karl mutum ne mai son kammala abu kafin ya nuna wa duniya, kullum yana cikin gyara. Ita kuwa Bertha tana ganin dukiyar gida da shekarun wahala na neman tafiya a banza muddin jama'a ba su ga amfanin motar da idonsu ba.

Kilomita 106 a yini ɗaya

Ta bar wa mijin takarda cewa ta tafi ganin mahaifiyarta a Pforzheim, amma ba ta faɗi da abin da za ta tafi ba. Ta ɗauki Eugen mai shekara 15 da Richard mai shekara 13, suka hau samfuri na uku na motar.

Tafiyar ta kai kimanin kilomita 106, a kan hanyoyin da aka yi don dawakai da amalanke. Babu alamomin hanya irin na yau, babu gidan mai, babu bakanike, domin babu wata motar da za a yi wa waɗannan abubuwa.

Matsalar farko ita ce mai. Motar ba ta ɗaukar mai da yawa, kuma man da take sha wani sinadari ne da ake kira ligroin, wanda ake goge dattin tufafi da shi, ana sayar da shi a kantin magani. A garin Wiesloch Bertha ta shiga kantin maganin garin ta saya. Saboda haka ake kiran wannan kanti gidan mai na farko a duniya, kuma ginin yana nan har yau.

Injin ma ruwa yake sha ba kaɗan ba, domin ruwan da ke sanyaya shi tururi yake zama ya tashi. Dole suka riƙa tsayawa suna ɗibar ruwa a duk inda suka samu.

Da bututun mai ya toshe, ta zare dogon tsinken da take maƙale hularta da shi ta buɗe shi. Da wayar wuta ta goge, ta kwance maɗaurin safarta ta naɗe wurin. Da sarƙar da ke juya tayoyi ta samu matsala, wani maƙeri ya taimaka aka gyara.

Tudu ya fi ba su wahala. Giya biyu ce kawai a motar, kuma ƙarfinta bai isa hawa ba, sai an sauka an tura.

Sun isa Pforzheim bayan faɗuwar rana, a gajiye, ƙura ta rufe su. Bertha ta buga wa mijinta wayar tangaraho ta sanar da shi sun sauka lafiya. Bayan 'yan kwanaki suka koma Mannheim ta wata hanyar daban.

Abin da hanya ta koyar

Birkin motar katako ne da ke danne taya, kuma gangara ta cinye shi. Bertha ta tsaya wurin wani mai gyaran takalma ta sa ya buga wa katakon fata da ƙusa. Daga nan ake danganta mata tunanin sanya wa birki shimfiɗar da za ta riƙa ci maimakon jikinsa.

Da ta dawo gida ta zayyana wa Karl duk abin da ya faru. Ya ƙara wa motar giyar hawa tudu, ya kuma inganta birki. Gwaji a ƙofar gida ba zai taɓa nuna masa waɗannan kurakurai ba, hanya ce ta tona su.

Labarin matar da ta ratsa garuruwa a keken da babu doki ya bazu. A watan Satumban wannan shekara Karl ya nuna motar a wani baje koli a birnin Munich, ya samu lambar zinare. Masu saye suka fara zuwa, musamman daga Faransa. Zuwa shekarar 1900 kamfanin Benz ya zama mafi girma a duniya wajen ƙera motoci.

A 1926 kamfanin ya haɗe da na Daimler, aka samu sunan Mercedes-Benz, wato Marsandi da aka sani a ƙasar Hausa, daga ƙananan motoci har manyan motocin dakon kaya da ke ratsa hanyoyin Arewa zuwa Kudu.

Ƙarshen rayuwarta

Iyalin sun koma garin Ladenburg, kusa da Mannheim, inda Karl ya rasu ranar 4 ga Afrilun 1929. Bertha ta rayu shekara 15 bayansa.

A ranar da ta cika shekara 95 Jami'ar Fasaha ta Karlsruhe, inda mijinta ya yi karatu, ta karrama ta da muƙamin girmamawa. Kwana biyu bayan haka, ranar 5 ga Mayun 1944, ta rasu a Ladenburg, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Sunanta bai fito a takardar mallakar fasahar ba, duk da cewa kuɗinta ne ya ɗauki aikin tun farko. A 2008 hukumomi a Jamus suka amince da sanya sunanta a hanyar da ta bi, mai tsawon kilomita 194 zuwa da dawowa, masu yawon buɗe ido na bin ta har yau.

Abubuwan da direban doguwar hanya ke dubawa kafin ya bar tasha, wato mai da ruwa da birki da giyar hawa tudu, su ne abubuwan da suka tsayar da Bertha Benz da 'ya'yanta tsakanin Mannheim da Pforzheim a 1888.