Alhaji Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya tayar da dalar gyaɗa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu kasa kaya da 'yan uwa 'yan tireda da ke cin kasuwannin Tasawa da Baudeta da Mayahi, a wannan karo shafin namu ya waiwayi rayuwar wani bawan Allah da ya bar duniya tun shekarar 1955, amma har gobe sunansa bai bar bakin 'yan kasuwa ba. Wannan mutum kuwa shi ne marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. A ƙasar Kano aka haife shi, can ya yi arziki, can kuma aka binne shi. To amma hanyar da gyaɗar ƙasarmu ta daɗe tana bi ƙofar gidansa ta nufa, don haka labarinsa bai yi mana nisa ba.

An haifi Alhassan a garin Bebeji cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne daga zuriyar Agalawa, wato mutanen nan da asalinsu ya gangaro daga arewa, wajejen ƙasar Abzin, suka zauna ƙasar Katsina, daga bisani suka bazu ƙasar Kano, suka shahara da fataucin goro. Tasawa kuwa tana kan wannan tsohuwar hanya ta ayari da ke haɗa Agadas da Katsina da Kano. Ko Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ta Tasawa ya biyo a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishiri, kafin ya wuce Katsina da Kano.

Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Alhassan yana da kimanin shekara 8 Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Bayan haka sai mahaifiyar ta koma Akara, a ƙasar da yau ake kira Gana, inda ta ci gaba da kasuwancinta. Ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta rene shi, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan kuma ya bi shi ya bi zuriyarsa. Abin lura a nan shi ne, sunan da yau ake rubutawa a jikin manyan kamfanoni da motoci, sunan wata baiwa ce da ba ta mallaki ko kanta ba.

Rabon gadon da ya samu bai kai ya kawo ba. Ya yi karatun allo a Bebeji kamar sauran almajirai, yana 'yan ayyukan ƙarfi da ƙananan saye da sayarwa don ya ci da kansa. Tarihin gidan ya nuna cewa tun a lokacin ya yi asusu, yana jefa abin da ya rage masa. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Tafiyar Gwanja a wancan zamani ba wasa ba ce. Watanni ake yi ana tafe da jakuna da 'yan alaro, madugu na gaba, ana sauka zango zango, ana biyan fito a bakin kogi da garama a ƙasar kowane sarki, ga 'yan fashi a daji. Ana kai kanwa da baƙin rini da kayan fata, a dawo da goro. Goro kuwa kaya ne mai son lallashi. In ba a yayyafa masa ruwa ana sauya masa ganye ba, kafin a iso gida ya bushe ko ƙwaro ya cinye uwar kuɗi. A wannan makaranta Alhassan ya koyi lissafi da haƙuri.

Bayan ya komo Bebeji sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da dama sun goyi bayan Tukur, shi ne kuma aka ci da yaƙi. Aka washe Bebeji, aka kama mutane, har da Alhassan da 'yan uwansa. Sai da aka biya fansa kafin ya sami kansa. Ke nan mutumin da daga baya aka ce ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma, akwai ranar da shi kansa aka yi masa kuɗi kamar kaya.

Da ƙura ta lafa ya koma fatauci, sai dai bai tsaya kan hanyar iyaye da kakanni ba. Kasuwar Salaga, wadda ita ce cibiyar goron Gwanja, ta riga ta yi rauni tun bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin cikin gida na 1892 kuma ya ƙarasa ta. Turawa suka ci Kano a 1903. Alhassan ya lura cewa harka ta koma bakin teku. Sai ya riƙa bi ta Ibadan da Ikko, yana sayen goro wajejen Kumasi, yana ɗora shi a jirgin ruwa daga Sekondi ko Akara zuwa Ikko. Abin da jaki ke yi a watanni, jirgi na yin sa a 'yan kwanaki, goro kuma ya iso da ɗanyensa. Yana cikin Hausawan farko da suka yi wannan dabara. Ban da goro, ya haɗa da duwatsun wuya da murjani da yadin Turawa.

Wannan kaya na mata ne, matan manyan gidajen Kano kuwa suna cikin kulle, namiji ba ya shiga. A nan ne matarsa Umma Zariya ta taka rawa. Ita ke shiga gidaje da kaya, ta yi ciniki, ta karɓo kuɗi. Saboda haka idan muka duba da kyau, mata uku ne ke ƙarƙashin wannan dukiya: uwar da ta nuna masa hanyar Akara, tsohuwar da ta rene shi, da matar da ta buɗe masa kasuwar cikin gida. Dillaliyar da ke yawo da atamfa gida gida a Tasawa yau, sana'ar Umma take yi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa don masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka yi nasu lissafin. Gyaɗa, wadda mu nan muke kira gujjiya, ta fi kuɗi, domin masana'antun Turai na neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi. Kuma ko farashi ya faɗi, gyaɗa ana cin ta, a yi mai a yi ƙuliƙuli, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Cikin ɗan lokaci tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Tsofaffin fataken goro su suka san wannan. Alhassan, wanda ya riga ya dawo birnin Kano ya kafa gida a wajen Ƙoƙi, ya fara saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa a 1918, kamfanin da daga baya ya shiga cikin UAC. Yadda yake yi shi ne, ya karɓi kuɗi daga kamfani, ya raba wa yaransa, su kuma su bazu ƙauyuka tun kafin kaka su ba manoma, in an girbe a biya da gyaɗa. Duk wannan sarƙa a kan amana take tsaye. In mutum ɗaya ya ci, ta tsinke. Ya yi suna wajen cika alkawari ga kamfani da kuma bin diddigin kowane kwabo a hannun yaransa. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan kasuwa dukiya a Kano. A cikin shekarun nan ne kuma ya sauke farali a Makka.

Ba za mu ɓoye ba, wannan tsari na ba da kuɗi kafin kaka yana da ɗaci ga talaka. Manomin da yunwar bazara ta sa ya karɓi kuɗi, shi ke sayar da amfaninsa da araha, wani lokaci bashin bana ya riski na baɗi. Har yau ana ganin irin haka a ƙauyukanmu a kan gero da wake. Duk mai ba da irin wannan bashi ya tuna cewa manomin da aka tatse ƙarƙaf ba zai kawo kaya baɗi ba.

Bankin Turawa mai suna Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano. Labarin da ya shahara shi ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa har lodin raƙuma 20, a lokacin da yawancin attajirai ke binne kuɗi a tukunya. Shi ne kuma ake danganta wa dabarar jera buhunan gyaɗa su tashi sama kamar dutse kafin jirgi ya zo, abin da aka sani da dalar gyaɗa. Dala guda takan ci buhu wajen 15,000.

Wannan harka ta Kano ta taɓa mu kai tsaye. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 noman gyaɗa ya bazu a ƙasar Maraɗi da Tasawa da Magarya, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni. Da yake ƙasarmu ba ta da teku ba ta da jirgin ƙasa, gyaɗar ta kudu take bi, a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, zuwa tashar Kano, sannan Ikko. Yawancin Alhazan Maraɗi na farko da irin aikin Ɗantata suka fara, wato shiga tsakanin kamfani da manomi. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya harkar a ƙasashen biyu. Dalar Kano ta ɓace, manomanmu da yawa suka karkata ga wake da aya.

Gidan Ɗantata bai faɗi tare da gyaɗa ba, domin tun yana raye bai zuba dukiyarsa a kaya ɗaya ba. Yana cinikin goro da shanu da yadi da hatsi, yana da filaye da gidaje. A farkon shekarun 1950 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sa shi cikin majalisarsa, ya kuma sami lasin saya wa hukumar ciniki gyaɗa kai tsaye, ba ta hannun kamfanin Turawa ba. Duk da wannan ɗaukaka, an san shi da sauƙin kai a ci da sutura, da ciyar da almajirai da biya wa mutane kujerar Makka.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su wargaza kamfanin da ya kafa, su riƙe zumunci da mutanen da suka yi masa aiki. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu suka ci gaba da harka. Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuma a watan Yunin 2025. Alhaji Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

'Yan kasuwarmu sun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun kuma ga wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kaya sun ruɓe a mota, jari ya narke, wasu har yau ba su miƙe ba. Marigayin ma ya ga hanyar Gwanja ta mutu a gabansa, ya ga an washe garinsu, ya fara daga babu. Abin da ya fitar da shi shi ne ɗan abin da ya ajiye, da sunan kirki da ya sa ake ba shi kaya ba tare da shakka ba, da kuma saurin gane inda kasuwa ta juya. Mai tallan ƙuliƙuli da ke zubin adashi ranar kasuwa, tana raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, tana biyan mai gyaɗa ranar da ta ce, a kan wannan turba take, ko da jarinta jika biyar ne.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da Tata da ta rene shi, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.